Mai Tsoron Naƙuda Ba Raguwa Ba Ce



Duk wanda ya daɗe a tagar ɗakin magani ya san akwai tambayoyin da ba a yin su a gaban likita. Ana bari sai an zo karɓar ƙwayoyi, a sunkuyo, a rage murya, sannan a yi. A watan Mayun 2020, lokacin da dokar hana fita ta korona ke aiki daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, wata mata mai tsohon ciki daga wani ƙauye na wajen Faskari ta miƙo mini takardarta ta maganin ƙarin jini. Na ba ta, na yi mata bayanin yadda za ta sha, amma ba ta tafi ba. Ta waiga ta ga uwar mijinta ta ba da baya, sai ta ce, "Malama, don Allah, idan mutum ya ce a yi masa aiki a ciro ɗan tun naƙuda ba ta zo ba, ana yarda?"

Na tambaye ta dalili. Haihuwarta ta fari kwana biyu ta yi a kan gwiwa. Ranar farko kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Da aka kai ta asibiti a kan babur, ɗan ya zo ba rai. Ta ce, "Tun da cikin nan ya shiga wata bakwai ba na barci. Da na rufe ido sai in ga hanyar nan." Tsohuwar ta juyo ta tsinci ƙarshen maganar, ta ce, "Ke dai raguwa ce. Goma na durƙusa na haifa, ungozoma ma sai da ta zo yanke cibi ta gan ni."

Na kai ta wurin likita. Ya duba ta, ya saurare ta, ya ce a zo da maigida a zauna. Maigida ya aiko da cewa zai yi shawara. A watan Yuni na sake ganin sunanta, wannan karon a takardar neman magunguna daga ɗakin tiyata. Naƙuda ta kama ta da la'asar, babu direban da ya yarda ya shiga hanyar da dare, sai washegari da hantsi aka iso da ita. Aikin da aka ƙi yi mata tana da ƙarfinta, shi aka yi mata tana galabaice, aka ƙara mata jini leda uku. Ta rayu. Ɗan bai rayu ba.

Saboda ita nake wannan rubutu, kuma da ku nake, iyaye da mazaje na ƙasar Pauwa, daga Ƙanƙara zuwa Faskari da Sabuwa. Matar da ta buɗe baki ta ce tana tsoron naƙuda ta faɗi abin da ya kamata a kai gaban likita a ranar. Wanda ya toshe mata baki da kalmar ragwanta ya ɗauki alhakin abin da zai biyo baya.

Tsoron nan yana da tushe

Babban binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya mata 512 ne ke rasa rayukansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai kimanin mata 67,000 suka mutu a ƙasar nan sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi 20 cikin 100 na duniya baki ɗaya. A arewa maso yamma kuwa, binciken na 2018 ya nuna haihuwa kimanin 16 kacal cikin 100 ake yi a asibiti. Matanmu ba su karanta waɗannan alƙaluma ba, amma sun ƙirga su a gidaje. Sun san jariran da kaka ke goyo. Mu da bakinmu muke cewa kabarin mai jego a buɗe yake har ta yi arba'in, sannan mu juyo mu yi mamakin yarinyar da ta ji maganar ta razana.

A kan wannan tsohon tsoro korona ta zo ta ɗora nata. An tabbatar da ita a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, farkon Afrilu ta bayyana a Daura, kuma likita ta fara kashewa. Aka yi kulle, aka hana tafiya tsakanin jihohi har farkon Yuli, wanda zai kai mara lafiya Zariya sai ya tsaya ya yi bayani a kowane shinge. Mata da yawa suka daina zuwa awon ciki, don sun ji ana cewa da ka yi tari a asibiti za a killace ka, danginka ba za su ƙara ganinka ba. Ma'aikata su ma tsoron suke ji, ga ƙarancin safar hannu da takunkumi.

Mu kuma a nan annoba biyu muka yi fama da su a lokacin. A watan Yunin 2020 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a Kadisau. Ranar 11 ga Disamba aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021, gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, kuma a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu uku. Muhawara kan waɗannan matakai ta wasu ce. Abin da na sani shi ne naƙuda ba ta san dokar hana fita ba. Ku ɗauki mace a ƙauyen Sabuwa da ƙarfe ɗaya na dare, jini ya ɓalle mata, babu wayar da za a kira mai mota, babu babur, daji kuma ba ya shiguwa. Idan wannan mace ta zauna tun cikinta na wata bakwai ta yi lissafin nan, ta ce gara a sa mata rana, hankali ta nuna. Ta riga maigidanta hango abin da ya kamata shi ya hango.

Amsa ga Inna

Inna, ban raina haihuwa goma da kika yi ba, Allah ya saka miki da aljanna. Amma ki tuna sa'o'inki da kuka yi aure shekara ɗaya. Nawa ne suka tafi a haihuwar fari? Nawa aka mayar gidan iyayensu da yoyon fitsari? Ke da kika tsira ke ce ke ba da labari yau, su ba su nan balle su ce uffan. Sauƙin da kika samu kyauta ce daga Allah, faɗin ƙugu da kwanciyar ɗa ba jarumtar kowa ba ne. Abin da aka ba ki kyauta bai kamata ya zama sandar dukan surukarki ba.

Wasu kan ce tsoron naƙuda raunin imani ne. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin Nana Maryamu, zaɓaɓɓiya a cikin mata, lokacin da naƙuda ta kai ta gindin dabino, wahala da damuwa suka kai ta ga burin mutuwa. Ba a tsawata mata ba. Lallashinta aka yi, aka ba ta abin ci da abin sha. Wane ne mu da za mu fi wannan tsanani? Tawakkali kuma kowa ya san sai an ɗaure raƙumi ake yinsa. Manomin da ya ga hadari ya kwashe hatsinsa daga shanya babu mai ce masa ya gaza da imani.

Sai kunya. Kunya ado ce, kuma ban zo in tuɓe wa kowa adonsa ba. Amma kunyar da ke sa yarinya 'yar shekara 16 ta kwana tana murƙususu ta ƙi kiran uwarta don kada a ce ba ta da ta ido a ɗan fari, wannan ta fita daga ado ta koma igiya a wuya. Hausawa da kansu suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Aikin rana da aikin dare

Na san abin da ke sa ku ƙin tiyata. Kun ga an shiga da mace an fito da gawa. Wannan ma gaskiya ce, ba zan musa ba. A 2019 aka wallafa wani bincike da aka yi a asibitoci 183 na ƙasashen Afirka 22. Cikin mata 3,684 da aka yi wa tiyatar haihuwa, 20 sun rasu, wato kimanin 5 cikin 1,000, ninki 50 na abin da ake gani a ƙasashe masu arziki. Sai dai ku ji sauran bayanin: kashi uku cikin huɗu na waɗannan ayyuka na gaggawa ne. Matan sun iso ne bayan al'amari ya riga ya lalace.

Daga tagata ina iya bambanta aikin biyu tun ban ga mara lafiyar ba. Idan aikin da aka shirya ne, takarda na zuwa da rana. An san rukunin jininta, an ajiye leda, an auna hawan jininta, ta yi azumin da ake bukata, za a yi mata allurar baya da ke kashe rabin jiki tana farke, a ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin wuƙa ta taɓa ta, ta ji kukan ɗanta da kunnenta. Idan na gaggawa ne, da gudu ake zuwa. Ruwan jikinta ya ƙare, mahaifa ta gaji ko ta fashe, ƙwayoyin cuta sun shiga, ana neman mai ba da jini a tsakar dare, maigida na tsaye a waje yana juya takardar sa hannu yana cewa a jira yayansa. Idan ta mutu sai a koma ƙauye a ce aiki ya kashe ta. Wata ta ji, ta ƙi zuwa da wuri, ita ma ta iso a makare. Haka muke ciyar da tsoron da kanmu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a matsayina na mai harhaɗa magani, shi ne abin da ake zaɓa a madadin tiyata. Naƙuda ta yi tsawo, sai a aika a kira mai kemis ya zo ya yi allurar naƙuda a ɗaka. Sunanta oksitosin. A asibiti muna ba da ita bayan haihuwa don ta tsuke mahaifa ta tsayar da jini, idan kuma za a ba da ita lokacin naƙuda, cikin ruwa ake sa ta, ɗigo-ɗigo, ana sauraren bugun zuciyar ɗa. Idan ɗa ya kwanta a gicciye ko kansa ya fi ƙarfin ƙugun uwa, aka soka wannan allura gaba ɗaya, mahaifa za ta yi ta matsa abin da ba shi da hanyar fita har ta yage. Kuma allura ce da zafi ke kashewa, a firji take zama. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya gano kimanin kashi 74 cikin 100 na samfuranta da aka tattara a Nijeriya ba su cika ƙa'idar ƙarfin da aka rubuta a jikinsu ba. Mai kemis bai san ƙarfin abin da ke hannunsa ba, shi ya sa yake ƙara ta biyu da ta uku. Iyalin da ke gudun wuƙar likita a ɗaki mai fitila sun miƙa 'yarsu ga wannan.

Abin da ba zan ɓoye muku ba

Kada wata ta karanta wannan ta ce Malama ta ce kowa ta je a yanka ta. Ban faɗa ba. Ga mace mai lafiya da ɗanta ya kwanta daidai, haihuwa da kanta a hannun ƙwararriyar ungozoma ta fi mata sauƙi da aminci. Tiyata babban aiki ne. Tana da haɗarin zubar jini, da ruɓewar ciwo, da daskarewar jini a jijiya, kuma jinyarta ta fi tsawo. Idan aka ciro ɗa kafin mako 39 ba tare da dalili ba, yana iya samun matsalar numfashi.

Babban abin dubawa a wurinmu shi ne gaba. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna matan jihar Katsina sun fi na kowace jiha haihuwa, kimanin 'ya'ya 7 ga kowace mace. Mahaifar da aka yanka tana da tabo, kuma kowane yanka na ƙara haɗarin mabiyiya ta manne ko ta tare ƙofa a cikin da ke tafe. Wadda aka taɓa yi wa aiki ta yi sallama da haihuwar ɗaka har abada. Duk wanda zai yi muku aiki bai zaunar da ku ya faɗa muku wannan ba, kuɗinku yake so. Akwai irinsu, masu cin kasuwa da tsoron mata, kuma laifinsu bai gaza na masu toshe wa mata baki ba.

Korona ita ma ba dalilin aiki ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mai ɗauke da cutar na iya haihuwa da kanta, ta rungumi ɗanta, ta shayar da shi da takunkumi a fuska da hannu wankakke. Tiyata ma ƙara mata kwanaki za ta yi a asibiti.

To me nake nema? Ina neman a bar mace ta kai tsoronta gaban wanda ya san aikin. A Ingila, tun 2011 ƙa'idar asibitocinsu ta ce idan mace ta nemi tiyata saboda fargabar haihuwa, a haɗa ta da wanda zai tattauna da ita, a nuna mata amfani da illa, idan bayan haka har yanzu ba ta iya fuskantar naƙuda, a sa mata rana. Matar da motar asibiti ke zuwa ƙofar gidanta ke nan aka ba wannan dama. Tamu da ke bayan daji ba ta fi ta bukatar a saurare ta ba? Sau da yawa da an zauna da ita sai a gano ba wuƙa take so ba, tabbaci take nema cewa ba za a bar ta ita kaɗai a cikin duhu ba. Wani lokaci kuma a gano tsoron nata alama ce ta matsala ta gaske: ƙugu ƙarami, ɗa a gicciye, mabiyiya a bakin mahaifa, ko tarihin doguwar naƙuda da ta ci ɗa.

Aikin da aka sa wa rana ba baƙon abu ba ne a jihar nan. A Babbar Ruga ta Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru tun wajen 1984 yana ɗinke mata masu yoyon fitsari, ana gaya wa wadda aka gyara cewa cikinta na gaba a asibiti za ta haife shi, da aiki. Mafi yawan matan da suka cika wannan asibiti doguwar naƙuda ce ta kai su. Binciken 2018 ya nuna a Nijeriya haihuwa 3 cikin 100 ba ta cika ba ake yi ta hanyar tiyata, alhali masana na ganin sai adadin ya kusanci 10 cikin 100 kafin a ce duk mai bukata ta samu. Wasu ƙasashe na kukan aiki ya yi yawa. Mu matanmu rashinsa ke kashewa.

Gare ka, maigida

Kai ake jira a ƙofar ɗakin tiyata, saboda haka da kai zan ƙarasa. Jikin nata ne, yardarta ce ta farko, amma ka san a ƙasar nan ba a motsi sai da kai. Idan matarka ta ce tana tsoro, kada ka yi dariya, kada kuma ka kai maganar zaure. Ka ɗauke ta ku je awo tare, ka shiga ka ji da kunnenka. Ka nemi a yi mata hoton ciki a ga kwanciyar ɗa da mazaunin mabiyiya. Ka tambayi likita kai tsaye: wannan za ta iya da kanta, ko a sa mata rana? Idan ya ce a sa, ka sa hannu a ranar. Shawarar da za ka yi da dangi ka yi ta tun ciki na wata bakwai.

Idan kuma likita ya ce za ta iya, kada ka koma ka miƙe ƙafa. Da ciki ya shiga wata tara ka matsar da ita kusa da asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini, ko Ƙanƙara, ko Funtuwa, ko Malumfashi, ko Zariya, duk inda kuke da ɗan'uwa mai ɗakin saukar baƙo. Goyon ciki al'ada ce mai kyau, amma a wannan zamani gidan da ya fi kusa da asibiti shi ne gidan goyon ciki. Ka san rukunin jininta, ka shirya mutum biyu da za su ba da nasu. Ka ware kuɗi tun kaka, kafin na ragon suna, domin suna sai da mai jego. Ka yi magana da mai mota tun yanzu, baki da baki, tun da waya ba abin dogaro ba ce. Kada ka bari a yi mata allurar naƙuda a gida ko wane ne ya kawo ta. Idan ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburi, ko jijjiga, ko ruwa ya fashe, ko naƙuda ta wuce yini ɗaya, ba a jiran kowa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa.

Ke kuma 'yar'uwa, idan ke ce ba ki barci, ki faɗa. Ki faɗa wa ungozomar awo, ki faɗa wa likita, idan kin rasa ki zo tagar ɗakin magani ki rage murya kamar yadda waccan ta yi. Ba ki yi abin kunya ba. Wadda aka yi wa aiki uwa ce cikakkiya, nononta da goyonta da tarbiyyarta duk ɗaya ne da na kowace uwa.

Ranar da aka sallami matar nan, uwar mijinta ce ta zo karɓar magungunan tafiya gida. Na ƙirga mata su ɗaya bayan ɗaya, na ce wannan safe da yamma, wannan bayan abinci. Ta ƙulle su a bakin zane, ta ɗan tsaya, sannan ta ce, "'Yata, in Allah ya kawo wani, wata nawa ake zuwa a sa ranar?" Na ce, "Inna, ku fara zuwa awo da ta gane tana da shi."

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya jiƙan waɗanda suka tafi a kan gwiwa, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.